Idan sabobi suka yi kunnen doki: jagorar tsara kworum da mai raba gardama

Wanda ya haɗa sabobi biyu, wato kwamfutocin da ke yi wa jama'a hidima ta netwok, don ɗaya ta karɓi aikin 'yar'uwarta idan ta faɗi, abin da yake tsoro shi ne mutuwar na'ura. To amma wannan ita ce matsala mai sauƙi. Wadda ta fi ta muni ita ce dukkansu suna da rai, suna aiki lafiya lau, sai wayar da ke tsakaninsu ta yanke. Ta farko ta yi kira, shiru. Ta biyu ma ta yi kira, shiru. Daga inda kowacce take zaune, babu yadda za ta gane ko 'yar'uwarta mutuwa ta yi ko kuwa muryarta ce kawai ba ta isowa. Idan kowacce ta ɗauka ita kaɗai ta rage, sai kowacce ta ɗauki adireshin IP ɗin da jama'a ke shigowa ta kansa, ta hau faifan da suke tarayya a kai, ta kama rubutu. Wannan ita ce rabuwar kai. Ɓarnarta ta fi ta tsayuwar aiki nesa ba kusa ba, domin aikin da ya tsaya ana tayar da shi, amma rumbun bayanan da hannu biyu suka yi rubutu a cikinsa lokaci guda, sai dai a koma ajiyar jiya a yi asarar abin da ke tsakani.

Maganin da aka samo shi ne kworum, wato rinjayen ƙuri'u. Kowace saba tana da ƙuri'a, kuma ɓangaren da ya haɗa fiye da rabi shi kaɗai ke da izinin ci gaba da aiki. Ba a sarki biyu zamani ɗaya, kuma lissafi ne ya tabbatar da hakan a nan: ɓangare biyu ba za su taɓa samun fiye da rabi a lokaci guda ba. Ka lura da abin da wannan ke nufi. Aikin kworum shi ne ya tsayar da ɓangaren da bai cancanta ba da gangan, ko da hakan zai jawo aiki ya tsaya gaba ɗaya na ɗan lokaci. Wanda bai yarda da wannan cinikin ba tun farko, shi ne za ka ga yana kashe kowane tsaro da ya dame shi, har ranar da za a yi kuka.

Zan yi misali da Corosync, manhajar da ke haɗa sabobi su zama gungu ɗaya tana ƙirga ƙuri'unsu, da Pacemaker, mai raba musu ayyuka, a kan Linux, da umarnin pcs irin na Red Hat da danginsa, saboda a nan ne ake ganin komai a fili. Proxmox da Windows Server za su zo daga baya.

Mataki na farko: ƙirga ƙuri'unka

Raba jimillar ƙuri'u biyu, ka yar da ragowar, ka ƙara 1. Abin da ya fito shi ne kworum. Gungu mai sabobi 3 yana buƙatar 2, don haka zai jure faɗuwar 1. Mai 4 yana buƙatar 3, shi ma 1 kawai zai jure. Mai 5 yana buƙatar 3, zai jure 2. Mai 6 yana buƙatar 4, shi ma 2.

Duba mai 4 ɗin nan da kyau. Ka sayi saba ta huɗu, ka ƙara kuɗin wuta da na sanyaya ɗaki, amma ta fuskar kworum ba ka ƙaru da komai ba. Har ma ka buɗe wata ƙofar da babu ita a da: yanzu gungun zai iya tsagewa 2 da 2, babu ɓangaren da ya kai 3, kowa ya tsaya. Shi ya sa masu etcd, rumbun da Kubernetes ke ajiye bayanansa a ciki, suke ba da shawarar mambobi 3 ko 5, haka ma sabobin da ke sa ido a Ceph, wani tsarin ajiyar bayanai. Mai 2 kuwa shi ne mafi wahala: kworum ɗinsa 2 ne, ma'ana ɗaya na faɗuwa ɗayar ma ta rasa izini. Gungun da aka gina don ya jure faɗuwar saba ɗaya, ga shi ba zai jure ba.

Kada ka dogara da abin da kake zato. Shiga kowace saba ka buga:

```
corosync-quorumtool -s
```

Layuka huɗu za ka duba. Expected votes shi ne adadin ƙuri'un da gungun ke sa ran samu idan kowa na nan. Total votes shi ne waɗanda ke nan yanzu. Quorum shi ne adadin da ake buƙata. A layin Flags kuma ka nemi kalmar Quorate, ita ce shaidar cewa wannan ɓangaren na da izini. Idan ka ga 2Node da WaitForAll a wannan layin, to gungunka na tafiya ne a kan wata sassauci ta musamman, za mu zo kanta.

Mataki na biyu: zana abin da zai iya faɗuwa tare

Wannan matakin da takarda da biro ake yin sa, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Rubuta kowace saba, a gabanta ka rubuta suwic ɗin da take ciki, da UPS ɗin da ke ba ta wuta, da ɗakin da take, da layin intanet ɗin da take fita ta kansa. Sai ka tambayi kanka game da kowane abu ɗaya: idan wannan ya tafi, ƙuri'u nawa zai tafi da su?

A nan ne za ka gano cewa sabobi uku da ke kan suwic ɗaya ba su da bambanci da saba ɗaya idan suwic ɗin ya mutu. Za ka gano cewa biyu daga cikin ukun suna kan UPS guda, wanda batirinsa ya fara gajiya, don haka a ɗan tsakanin ɗauke wuta da tashin janareta za ka iya rasa ƙuri'u biyu a tare. Masu gine-gine biyu kuma su lura: idan ka sa 3 a nan, 2 a can, to ginin da ke da 3 ne ke riƙe da rayuwar gungun. Ranar da ya tafi, biyun da suka rage ba su kai rinjaye ba, duk da lafiyarsu ƙalau. Tsarin da ke aiki shi ne 2 a nan, 2 a can, ƙuri'a ta biyar a wuri na uku.

Wurin da mai raba gardama, wato mai ƙuri'ar waje da ke yanke hukunci idan an yi kunnen doki, zai zauna ya fi irin manhajar da ka zaɓa muhimmanci. Sharaɗin ɗaya ne: kada ya faɗi tare da kowane ɓangare, kuma kowane ɓangare ya iya isa gare shi ba ta hanyar ɗan'uwansa ba. Na ga inda aka ɗora mai raba gardama a matsayin VM, wato kwamfutar manhaja da ke gudana a cikin saba, a cikin gungun da zai yi wa hukunci. A allo komai kore ne, ƙuri'u uku cif. Amma sabar da ke ɗauke da shi na faɗuwa, ƙuri'u biyu sun tafi, wadda ta rage ta zauna da ɗaya cikin uku.

Mataki na uku: killacewa kafin komai

Kafin ka taɓa maganar ƙuri'a ta uku, ka gama da wannan. Kworum yana gaya wa ɓangaren da ya yi rinjaye cewa yana da izini. Ba ya tabbatar masa cewa ɗaya ɓangaren ya daina aiki. A ƙa'ida, sabar da ta rasa kworum za ta sauke ayyukanta da kanta, domin saitin asali na no-quorum-policy a Pacemaker shi ne stop. To idan sabar ta daskare fa? A ce ta maƙale na minti biyu saboda faifai ya yi nauyi, gungun ya ɗauka ta mutu ya mayar da aikinta wani wuri, sai ta farfaɗo ta ƙarasa rubutun da ta fara. Kafin ta gane an cire ta, ɓarna ta riga ta auku.

Killacewa, wadda Pacemaker ke kira STONITH, ita ce ke toshe wannan ƙofar. Ɓangaren da ya yi rinjaye ba zai ɗauki aikin sabar da ta ɓace ba sai ya kashe ta da hannunsa, ya kuma samu tabbacin ta mutu. Hanyar da aka fi bi ita ce ta ɗan allon kula da na'ura da ke cikin sabobin kamfani, wanda Dell ke kira iDRAC, HPE kuma iLO, ana yi masa magana ta IPMI:

```
pcs stonith create kashe-saba1 fence_ipmilan ip=10.0.9.11 username=admin password=SIRRI lanplus=1 pcmk_host_list=saba1 pcmk_delay_base=10s
pcs stonith create kashe-saba2 fence_ipmilan ip=10.0.9.12 username=admin password=SIRRI lanplus=1 pcmk_host_list=saba2
```

Ka ga jinkirin daƙiƙa 10 da na sa a layin farko kawai? Ga dalilinsa. A gungun sabobi biyu, idan waya ta yanke, kowacce za ta yi sauri ta kashe ɗayar, kuma yana yiwuwa umarnin biyu su isa a tare, duka su mutu. Jinkirin yana kan na'urar da ke kashe saba1, don haka saba1 ce ke samun tazarar da za ta riga 'yar'uwarta. Mutane da yawa suna juya wannan, su sa jinkirin a kan wadda suke so ta mutu. Idan kuma so kake wadda ke ɗauke da aiki a lokacin ita ce ta tsira, ko wacce ce, Pacemaker na da saitin priority-fencing-delay da ke yin hakan bisa nauyin ayyukan da ke kan kowacce.

Akwai wani rami a IPMI da ya shafi duk mai aiki inda wuta ba ta da tabbas. Allon nan daga wutar sabar yake sha. Idan wuta ta ɗauke wa sabar gaba ɗaya, allon ma ya mutu, umarnin kashewa ba zai samu amsa ba. Gungun kuwa ba ya ɗaukar shiru a matsayin tabbaci, sai ya zauna yana maimaita ƙoƙari, ayyukan kuma ba za su koma ko'ina ba. Daidai ya yi, amma kai aikinka ya tsaya. Saboda haka ka tanadi hanya ta biyu: ko soket ɗin wuta mai karɓar umarni ta netwok wanda ke kan wani layin daban, ko SBD.

SBD manhaja ce da ke sa saba ta kashe kanta. Tana aiki da watchdog, wani agogo da ke cikin na'urar wanda dole manhaja ta riƙa taɓa shi a kai a kai. Ta daina taɓawa, agogon ya sake kunna na'urar da ƙarfi. Sabar da ta daskare ko ta rasa kworum za ta kashe kanta ke nan, ɗaya ɓangaren kuma ya jira lokacin da aka ƙayyade ya cika, sannan ya ci gaba da tabbaci. Ka yi amfani da watchdog na ainihin na'ura idan akwai, domin na manhaja, softdog, yana iya daskarewa tare da kernel ɗin da yake gadi.

Abu ɗaya nake roƙo: kada ka sa stonith-enabled=false a gungun da ke riƙe da bayanan mutane. Darussa da yawa a intanet suna farawa da wannan layin don a samu abu ya tashi da wuri, sai a manta da shi a haka har a shiga aiki na gaske.

Mataki na huɗu: zaɓi mai raba gardama

Hanyoyi uku ne a gabanka idan adadin sabobinka biyu ne ko huɗu, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Ta farko ita ce two_node: 1 a cikin corosync.conf, wadda pcs ke sa maka da kansa idan ka gina gungun sabobi biyu. Tana saukar da kworum zuwa 1, ma'ana kowace saba ita kaɗai ta isa. Idan waya ta yanke, dukkansu suna da izini, sai tseren killacewa ya yanke hukunci: wadda ta riga kashe 'yar'uwarta ta ci. Tana kunna wait_for_all tare da ita, wanda ke hana sabar da ta tashi ita kaɗai samun izini sai ta ga ɗayar aƙalla sau ɗaya. Ba don shi ba, wadda aka kashe za ta tashi, ta ga ba ta jin kowa, ta kashe wadda ta kashe ta, a yi ta zagaye. Wannan hanyar tana aiki, amma duk nauyinta a kan killacewa yake.

Ta biyu ita ce auto_tie_breaker. Idan aka tsage daidai wa daida, ɓangaren da ke ɗauke da saba mai lamba mafi ƙanƙanta shi ya ci, sai dai in ka canza da auto_tie_breaker_node. A gungu mai 4 tana da amfani. A mai 2 kuwa ka yi hattara: idan mai ƙaramar lambar ce ta mutu da gaske, ɗayar ba za ta samu izini ba. Ba a haɗa ta da two_node.

Ta uku, wadda nake ba da shawara duk inda hali ya yi, ita ce ƙuri'a daga waje. Ana ɗora wata 'yar manhaja mai suna corosync-qnetd a kan na'ura ta uku, sabobin gungun kuma su riƙa yi mata magana ta corosync-qdevice a tashar TCP 5403. Na'urar nan ba mamba ba ce, ba ta ɗaukar aiki, ba ta ganin bayananka. Ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi ta isa, kuma guda ɗaya na iya yi wa gungu da yawa hidima. Tun da ta TCP ake magana da ita, ba ta buƙatar layi mai saurin amsa irin wanda Corosync ke nema tsakanin mambobi, don haka za ta iya zama a wani gini ko wani gari.

A kan na'ura ta ukun, a misalinmu sunanta alkali, ka sa pcs da corosync-qnetd, ka tayar da pcsd, ka ba asusun hacluster kalmar sirri, sannan:

```
pcs qdevice setup model net --enable --start
firewall-cmd --permanent --add-service=high-availability
firewall-cmd --reload
```

A kan kowace sabar gungun ka sa corosync-qdevice. Sai daga ɗaya cikinsu:

```
pcs host auth alkali
pcs quorum device add model net host=alkali algorithm=ffsplit
pcs quorum status
```

Yanzu gungun sabobi biyu zai nuna Expected votes 3, Quorum 2, a Flags kuma Quorate Qdevice. A jerin mambobi, gaban kowace saba za ka ga A,V,NMW. A na nufin tana jin alkali, V na nufin alkali ya ba ta ƙuri'arsa. Idan ka ga NA ko NV, tsaya ka gyara kafin ka wuce. Galibi katangar tsaro, wato firewall, ce ta toshe 5403. Ka kuma leƙa corosync.conf ka tabbatar two_node ta fita, domin ba a haɗa ta da ƙuri'ar waje, haka ma auto_tie_breaker da last_man_standing.

Kalmar algorithm ɗin can tana da zaɓi biyu, kuma a nan ne ya kamata ka zauna ka yi tunani. Da ffsplit, alkali ƙuri'a ɗaya yake da ita, yana ba ɓangaren da ya fi yawan sabobi. An yi shi ne don gungu mai adadin da ke rabuwa biyu daidai. Da lms kuwa, ƙuri'unsa sun kai adadin sabobi ban da ɗaya, don haka ko saba ɗaya ce ta rage, muddin tana ganin alkali, za ta ci gaba. Abin sha'awa ne, amma duba farashinsa. A gungu mai 3, jimilla ta zama 5, kworum 3. Idan alkali ya faɗi ya tafi da ƙuri'u 2, saura 3 cif, ko ɗaya ta yi tuntuɓe gungun ya tsaya. Gungun da a da yake jure faɗuwar saba ɗaya ba tare da taimakon kowa ba, yanzu ka rataye shi a wuyan ƙaramar na'ura. A ganina gungu mai 3 ko 5 a bar shi yadda yake, mai 2 ko 4 a ba shi ffsplit.

Saura tambaya ɗaya: idan dukkan ɓangarorin suna ganin alkali, adadinsu kuma ɗaya, wa zai ba? In ba ka ce komai ba, a ƙarshe ƙaramar lamba zai bi, ko da kuwa wannan sabar ce ta rasa hanyar fita zuwa ga masu amfani da ita. Za ka iya ba shi hujjar da ta fi wannan:

```
pcs quorum device update heuristics mode=on "exec_ping=/usr/bin/ping -q -c 1 10.0.1.1"
```

Kowace saba za ta gwada isa ga ƙofar fita ta netwok ɗinka, wadda ta isa ta fi maki, alkali ya fifita ta. Layi ɗaya ne, amma shi ke sa wadda ta tsira ta zama wadda jama'a za su iya samu.

Idan kana haɗa ƙuri'ar waje da SBD marar faifai, wato mai dogaro da watchdog kaɗai, ka daidaita lokutansu. Saitin asali na sync_timeout na qdevice daƙiƙa 30 ne, na watchdog ɗin SBD kuma galibi 5. Dole na watchdog ya wuce 30 ɗin, in ba haka ba saba za ta kashe kanta tana tsakiyar jiran hukuncin da zai zo mata da nasara.

Masu Proxmox da masu Windows

Proxmox, tsarin tafiyar da VM, a kan Corosync ɗin nan yake, don haka duk lissafin da ke sama ya hau kansa. Sa corosync-qnetd a na'urar waje, corosync-qdevice a kowace saba, sannan ka buga pvecm qdevice setup tare da adireshin na'urar, ka duba da pvecm status. Alamar rasa kworum a Proxmox ita ce /etc/pve ya koma na karatu kawai, ba ka iya tayar da VM ko canza saiti. Sabar da ke ɗauke da ayyukan HA kuma, wato waɗanda gungun ke mayarwa wata saba da kansa, watchdog zai sake kunna ta bayan kamar minti ɗaya.

A Windows Server mashaidi ake cewa, kuma iri uku ne: ƙaramin faifan tarayya, ko foldar da aka raba a wata na'ura, ko mashaidin gajimare a Azure wanda ya zo da Windows Server 2016. Da Set-ClusterQuorum ake saita kowanne. Tun daga 2012 R2 tsarin da kansa yake ba mashaidi ƙuri'a ko ya janye ta don jimillar ta kasance ba ta rabuwa biyu daidai, saboda haka ka sa mashaidi ko nawa ne adadin sabobinka.

Game da na gajimare, ka tuna da 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku na WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu. Rasa mashaidi shi kaɗai ba ya kayar da gungu: sabobi biyu suna da 2 cikin 3. Amma a gungun Corosync, muddin mai raba gardama bai dawo ba, ba ka da sauran rara. Idan duka sabobinka a gari ɗaya suke, na'ura a wani ofishinku da ke cikin ƙasa ta fi wadda ke ƙetaren teku kusa da buƙatarka.

Mataki na biyar: lokaci da hanyoyi

Corosync yana zagaya wata alama tsakanin mambobi. Idan ta ɓace fiye da lokacin token, sai ya ɗauka wani ya fita. A Corosync 2 daƙiƙa 1 ce, daga 3.1 aka mayar da ita 3, ana kuma ƙara milisakan 650 kan kowace saba da ta haura biyu. Kada ka rage shi don neman saurin sauya aiki. Gungun da ke firgita da kowace 'yar cunkoso zai riƙa kashe sabobi masu lafiya. Abin da ya fi shi ne ka ba Corosync hanya fiye da ɗaya: Corosync 3 na karɓar har 8. Biyu a kan suwic daban-daban sun isa yawancin mutane, kuma kada ka haɗa su da layin da ajiyar dare ko kwafin faifai ke cikawa. Duba lafiyarsu da corosync-cfgtool -s.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai kan wannan shi ne na GitHub, ranar 21 ga Oktoba 2018. Sadarwa ta yanke na daƙiƙa 43 kacal a cibiyarsu ta gabashin Amurka. Manhajar Orchestrator da ke kula da rumbunan MySQL ɗinsu, wadda ke yanke hukunci da tsarin ƙuri'a na Raft, ta samu rinjaye a ɗaya ɓangaren, ta mayar da shugabanci yammacin ƙasar. Ta fuskar ƙuri'a babu kuskure. Sai dai akwai rubutun 'yan daƙiƙu a gabas da bai riga ya isa yamma ba, yamma kuma ta fara karɓar sabon rubutu. Gyaran ya ɗauki awa 24 da minti 11. Don haka ka tambayi kanka tun yanzu: ɓangaren da zai ci ƙuri'a, yana da cikakken kwafin bayanai kuwa? Idan kwafin naka mai biyo baya ne, sauya shugabanci tsakanin garuruwa ba abin da za a bar wa na'ura ita kaɗai ba ne.

Mataki na shida: yanke wayar da kanka

Kafin gungun ya karɓi aikin gaske, ka jawo masa kowace masifa da ka zana a mataki na biyu, kana kallo. Fara da pcs stonith fence saba2, ka ga ta mutu da idonka, sannan ka yi wa saba1 haka. Bayan nan ka daskarar da ɗaya da echo c > /proc/sysrq-trigger, ka auna minti nawa aikin ya ɗauka kafin ya tashi a ɗayar. Sai babban gwajin: raba su alhali duka suna da rai. Zare wayoyin Corosync, ko ka toshe tashoshin UDP daga 5405 zuwa sama da katangar tsaro, shiga da fita. Kada ka yi da ifdown, domin sauke katin netwok daga ciki ba ya kama da yadda waya ke yankewa a zahiri, sakamakon zai iya ruɗe ka. Kafin ka zare, rubuta wadda kake sa ran za ta tsira. Idan ɗayar ce ta tsira, akwai abin da ba ka fahimta ba a tsarinka, kuma gara ka gano shi yau.

Kashe alkali shi kaɗai, ka tabbatar aiki bai motsa ba, ka kuma tabbatar saƙon gargaɗi ya iso wayarka. Mai raba gardama na iya mutuwa wata da watanni ba wanda ya sani, tun da babu abin da ke tsayawa. Daga ƙarshe ka zare wutar saba ɗaya gaba ɗaya daga bango, wayoyin wutar duka biyu. A nan ne ramin IPMI ke bayyana. Ka kuma kashe komai ka tayar da saba ɗaya kawai, don ka san abin da za ka tarar da asuba bayan janareta ya ƙi tashi cikin dare.

Ranar da dole ka tilasta

Wata rana za ka samu kanka da saba ɗaya mai rai, babu kworum, waya kuma tana ta ƙara. Akwai mabuɗin gaggawa: pcs quorum expected-votes 1, ko pcs quorum unblock idan wait_for_all ne ya riƙe ta, ko pvecm expected 1 a Proxmox, ko Start-ClusterNode -ForceQuorum a Windows. Duk waɗannan suna gaya wa gungun cewa kai ka ɗauki alhakin tabbatar da sauran sun mutu, kuma zai yarda da kai ba tare da bincike ba.

Saboda haka tsarin shi ne: je ka wurin sauran sabobin, ko ka tura wanda ka amince da shi, a zare wayoyin wutarsu, a kira ka a tabbatar. Rashin amsa ping ba hujja ba ce. Bincika ko wadda ta rage ita ce ke da kwafin bayanai na ƙarshe. Idan DRBD, mai kwafin faifai tsakanin sabobi, kake amfani da shi, drbdadm status ya nuna UpToDate. Sannan ka buga umarnin. Idan za ka dawo da sauran, ka fara gyara netwok ɗin da ke tsakaninsu, ka kunna su ɗaya bayan ɗaya, kana duba corosync-quorumtool -s har Expected votes ya koma adadinsa na asali. Rubuta waɗannan matakan a takarda da sunayen sabobinka da adireshinsu, ka manna a jikin ƙofar ɗakin sabobin, domin wanda ke bakin aiki a wannan daren ba lallai ne ya zama kai ba.